Kafin ka sayi layi ko ka sa wa pus ɗinka reza

Ni dai sana'ata gyaran salula ce, ina da ɗan teburi da rumfa nan gefen kasuwar Dole, kuma ina taɓa sayar da layi, to kusan kullum kafin azahar sai na amsa tambaya iri ɗaya ya fi sau goma, ranar Alhamis kuwa da mutanen ƙauye suka shigo ba a magana. Wani ya ce pus ɗinsa ya ƙi shiga sabuwar waya, wani ya ce an aiko masa waya daga waje bai ga inda ake sa layi ba, wani kuma layin ya ɓace ya je ajans, wato ofishin kamfanin layin, an ce masa ba sunansa ke kai ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin gaba ɗaya, duk wanda ya tambaye ni in tura masa ya karanta, bakina ya huta.

Mu nan Damagaram pus muke cewa, ƴan uwanmu na Kano da Daura su ce sim, wani ya ce layi, duk ɗan katin nan ne mai zinariya a fuska. Amma ka riƙe wani abu tun yanzu don zai yi maka amfani a gaba: katin daban, nimero daban. Katin roba ce da ɗan ƙarfe, nimeronka kuwa yana can rubuce a kwamfutar kamfani an ɗaura shi da katin. Shi ya sa in katin ya karye ko ya ɓace ana iya kwance nimeron a ɗaura shi a wani sabo, ba abin da ya same shi.

Bari mu fara da girma tunda shi ya fi ruɗa mutane.

Na farko da aka fara yi a 1991, wani kamfanin Jamus mai suna Giesecke & Devrient ya yi shi, girmansa daidai da katin banki ne, dukansa ake zura wa waya. Wannan ba za ka gan shi a aiki ba yanzu, sai dai ragowarsa, wato babbar robar nan da kake ɓallo pus daga jikinta in ka sayi sabo. Bayan shi sai wanda mu muke kira babba, masu abin suna ce masa mini, milimita 25 a tsawo 15 a faɗi, shi ne na zamanin Nokia da Celtel, wato Airtel ta yanzu, kuma har yau yawancin ƙananan salula masu maɓallai irin su Itel da Tecno da iyayenmu ke riƙewa shi suke ci. Sai matsakaici, mikro, 15 da 12, wanda iPhone 4 ta yaɗa a 2010. Sai ɗan ƙaramin, nano, 12.3 da 8.8, ya fito a 2012 tare da iPhone 5, kuma yau kusan duk babbar waya sabuwa da za ka saya, ko Samsung ce ko Infinix ko Redmi, nano take so. Aikinsu duka ɗaya ne fa, kada wani ya ce maka ƙaramin ya fi jan rezo, wato sabis, ƙarya ce, roba kawai aka rage.

Yadda za ka gane wanda wayarka ke ci ba wuya. In bayanta na buɗewa, cire batir ka duba ramin, yawanci akwai ɗan zane a gefe mai nuna girman da kuma ɓangaren da yankakken kusurwa zai kalla. In ba ta buɗewa, nemi ɗan tire a gefe mai ƙaramin huji, ka sa allurar da ta zo a kwali ka danna ya fito. Don Allah ka duba da kyau kafin ka soka, saboda hujin makirfo ma haka yake kuma sau da yawa suna kusa da juna, na gyara waya ba ɗaya ba ba biyu ba da mai ita ya soke makirfo da tsinken sakace yana neman tire, daga nan in ya kira mutum sai dai a ce alo alo ba a jinsa. Wasu tiren kuma gurbi biyu gare su amma na biyun zaɓi ne, ko layi ko kart memuwar, ba za su zauna tare ba, to in kai mai layi biyu ne kuma mai tara wa'azi da waƙoƙi a memuwar, duba wannan tun a shago kafin ka ba da kuɗi.

Yanzu alhamdu lillahi kamfanoni sun sauƙaƙa, pus ɗin da ake sayarwa uku-cikin-ɗaya ne, an tsaga shi tun daga masana'anta, ka ɓalle babba, cikin babba akwai mikro, cikin mikro akwai nano. Dabarar kawai ita ce ka ɓalle daidai wanda kake so, kada zumuɗi ya sa ka turo ɗan ƙaramin alhali wayarka babba take ci. In ma hakan ta faru ba komai, mayar da shi cikin zoben ka danna da babban yatsa ya zauna daram. Kuma zobban nan kada ka yar, sa su cikin leda ka ajiye, ran da babbar wayarka ta mutu ka koma ƴar ƙarama za ka neme su.

Amma ga inda mutane ke yi wa kansu ɓarna. Kada ka taɓa zura zobe ko adafta shi kaɗai babu pus a ciki. A cikin ramin akwai ƴan ƙafafun ƙarfe sirara da ke taɓa zinariyar, in zoben ya shiga fanko sai su maƙale a gefensa, kana ja sai ka ji ƙas, shi ke nan ƙafa ta tafi, gyaran kuma sai an buɗe waya an sa wuta an canza gidan pus ɗin gaba ɗaya. Aikin da bai kai dala ba ya jawo maka na jikkuna.

Maganar yanka kuwa, e, ana yankawa, ni ma na yanka ba adadi. Akwai ƴar na'ura kamar abin huda takarda, ka sa ka danna ta fitar da shi daidai. Amma reza da almakashi, a'a. Wata rana wani dattijo daga wajen Mirya ya zo min da pus a naɗe cikin ƙyalle, jikansa ya yanka masa da reza don ya shiga wayar da ɗansa ya aiko masa, na ɗaga shi a rana na duba, yaron ya bi layin zinariyar ya shafce gefe guda har ana ganin baƙin abin da ke ciki. Na ce Baba wannan kam ya riga mu gidan gaskiya. Ya ce yaro duba dai da kyau, layin nan tun ana ce musu Celtel nake da shi. Na ce Baba nimeronku na nan lafiya lau, katin ne ya mutu, ku je ajans da kart dantite, katin shaidarku, a ba ku wani. Abin da ya fi ba shi takaici sunayen mutanensa da ke ajiye a cikin katin, su kam sun tafi. Tsofaffin pus zinariyarsu faɗi gare ta, in za a mai da su nano dole a ci cikinta, ga shi kuma nano ya ɗan fi su siranta, 0.67 ne su kuma 0.76, sai ka ga yankakken ya cije a tire ya ƙi fita. Shawarata, in pus ɗinka tsoho ne kada ka yanka, je ka a canza maka, ka riƙe nimeronka, kuma ka ci riba biyu don wasu tsofaffin katunan ba sa kama 4G ko da wayarka na da ita. Mutum ya yi ta zagin rezo alhali katinsa ne na zamanin da. Kafin ka je, kwashe sunayen da ke kan katin ka mayar cikin waya ko cikin Gmail ɗinka, pus ba ya ɗaukar fiye da wajen suna 250 dama.

Wani lokacin kuma ba mutuwa ya yi ba, ƙura ce. Lokacin hunturu in waya ta rubuta babu sim, kashe ta, fito da katin, goge zinariyar da busasshen ƙyalle ko abin goge fensir, hura ramin, mayar. Ban da yawu don Allah.

Babbar robar nan da na ce, ita ma ajiye ta ko ka ɗauki hotonta. A jikinta akwai PIN, lambar sirrin katin, da PUK, wadda ke buɗe shi in ya kulle, da wata doguwar lamba mai farawa da 89, ita ce lambar katin kansa, namu na Nijar za ka ga 227 na biye da ita. In ka sa PIN ba daidai ba sau 3 katin zai kulle ya nemi PUK mai lamba 8, in ka yi ta cinke a PUK har sau 10 katin ya mutu mutuwar da ba mai gyara ta, ko ni ko wanda ya koya min. To in yaro ya yi wasa da wayarka ka ga an rubuta PUK, ajiye ta, nemo robar, in babu ka je ajans. Kada ka ce bari in gwada shekarar haihuwata.

To sai sabon yayi, eSIM. Shi wannan babu kati sam, ɗan guntun abin an like shi a cikin wayar tun daga masana'anta, kamfani sai dai ya turo maka bayanan layin ta intanet su sauka a ciki. Google ta sa shi a Pixel 2 a 2017, Apple ta biyo a 2018 da iPhone XS da XR, Samsung ma daga wajen S20 zuwa sama da yawansu na da shi. Inda abin ya shafe mu nan shi ne, daga iPhone 14 ta 2022, duk wadda aka yi don kasuwar Amurka ba ta da tire kwata-kwata. Kuma wayoyin hannu da ake shigo mana da su da yawa daga can suke.

Wani Alhaji ɗan kasuwa ya taɓa zuwa min da irinta, sabuwa dal a kwali, ɗansa ya aiko masa, ya ajiye min a teburi ya ce malam sa min layina. Na juya ta dama, na juya hagu, na shafa gefen da yatsa, sumul kamar ƙwai. Na ce Alhaji wannan ba ta da ƙofa. Ya ce kamar ya ba ta da ƙofa, waya ce ko madubi? Sai da na zaunar da shi na sayo masa shayi na yi masa bayani, ya kira ɗan a WhatsApp ta wayata ya yi masa tatas. Akwai masu cewa za su buɗe irin wannan su dasa mata gidan pus, ana yi, amma ni ba na ba da shawara, waya mai tsada a fasa ta a yi mata tiyata, in ta samu matsala gobe ba wanda zai karɓa.

Saboda haka kafin ka sayi waya, ko kafin ka ce a aiko maka, yi abu uku. Ka tambaya tana da tire ko babu. Ka danna *#06#, zai nuna maka IMEI, lambar shaidar wayar, mai lamba 15, in ka ga wata doguwa an rubuta EID mai lamba 32 to wayar na ɗaukar eSIM. Sannan ka tabbata ba a kulle take da wani kamfanin waje ba, don wasu wayoyin can bashi ake sayar da su ana ɗaure su da layin kamfani ɗaya, in ta zo nan ko tana da tire goma ba za ta karɓi namu ba. A iPhone ana gani a Réglages, Général, Informations, akwai wajen da ke faɗa ko a kulle take. Gwajin da ya fi kowanne dai shi ne ka sa layinka a gaban mai sayarwa ka kira wani ya ɗauka. Su kuma iPhone da aka yi don kasuwar Sin akasin haka ne, yawancinsu nano biyu suke ci babu eSIM, kuma gaskiya mu nan su suka fi dacewa da mu, tunda wa ke yawo da layi ɗaya a garin nan?

In wayarka eSIM kawai take ci, ka fara zuwa babbar ajans ta kamfaninka ka tambaya ko za su mayar maka da nimeronka can, kada ka tsaya wajen mai laima a bakin titi, wannan ba aikinsa ba ne. In sun yi maka, za su ba ka wani hoto mai ɗigo-ɗigo, kod QR, a takarda ko ta imel. Dole wayar ta hau wifi tukuna, ko wani ya raba maka koneksiyon, tunda ba ta da layin da za ta jawo da kanta. A iPhone ka shiga Réglages, Données cellulaires, Ajouter une eSIM, a Samsung kuma Paramètres, Connexions, Gestionnaire SIM, sai ka haska kyamara a kan hoton ka jira. Kada batir ya mutu a tsakiya, kada ka fita daga wifi. Kuma in ya sauka kada ka kuskura ka danna supprimer don kana gyare-gyare, yawancin kod ɗin nan sau ɗaya suke aiki, in ka goge sai ka koma ajans. Ka ga nan ne raunin eSIM a wajenmu: pus na roba in wayarka ta faɗa ruwa ka zare shi ka sa a ƴar Itel ka ci gaba da harkarka cikin minti ɗaya, shi kuwa wannan in waya ta mutu layi ya mutu tare da ita har sai ka je ofis, in kana Tanut ko Gure ko can cikin daji wajen dabbobi ka san abin da hakan ke nufi. Amfaninsa kuma, ɓarawo ba zai iya zare shi ya yar ba, kuma ga matafiya yana da daɗi. Masu zuwa Umara da Hajji ko Dubai suna iya sayen na intanet kawai irin na Airalo, kamfanin da ke sayar da eSIM a intanet, tun suna gida, suna sauka su kunna, layin gida kuma na zaune a tire yana karɓar saƙo. Sai dai biyan da katin banki ne, kuma mafi yawansu ba su da nimeron kira, data ce zalla.

Yanzu bari in zo kan abin da ni a ganina ya fi duk wannan lissafin milimita muhimmanci, wato ta wace hanya layin ya zo hannunka, kuma sunan wa ke kansa.

Kamfanoni huɗu muke da su a ƙasar nan. Airtel, wadda ta fara da Celtel ta koma Zain sannan ta zama Airtel a 2010. Moov Africa, tsohuwar Telecel. Zamani Telecom, wadda ta gaji Orange bayan an sayar a 2019, har yau tsofaffi Oranj suke cewa. Sai Niger Telecom ta gwamnati da aka haɗa Sonitel da SahelCom aka yi. Hukumar da ke sa musu ido ita ce ARCEP. Dukansu ba su suke ƙera katin ba, odarsa suke yi daga masana'antun waje da tambarinsu a jiki, a kawo kwali-kwali kowane kati da lambarsa, a shigar da lambobin cikin kwamfutar kamfani, sannan a fara rabawa. Daga Yamai zuwa ajans-ajans na jihohi, daga nan zuwa manyan diloli, diloli su ba irinmu masu teburi da yaran da ke yawo da riga mai tambari da laima, wani lokacin kuma ka ga mota da lasifika ta tsaya a kasuwar ƙauye ana kiɗa ana rabawa kamar goro. Kowace hanya da amfaninta. Ajans ta fi tabbas, kuma ita kaɗai ke wasu ayyukan kamar dawo da layin da ya ɓace ko gyara suna, sai dai layi na mutane da zaman jira. Mai teburi ya fi kusa kuma ya fi sauri. Na mota ya fi araha, wani sa'in har da kyautar kiredi, amma gobe in matsala ta taso ba ka san inda za ka gan shi ba.

A Turai da Amurka akwai wata hanyar, mutum ya yi oda a intanet a jefo masa pus ta gidan waya cikin ambulan, ya kunna da kansa. Har akwai kamfanonin da ba su da eriya ko ɗaya, hayar rezon manya suke yi su buga sunansu a kati, irin su Lycamobile da Lebara da ƴan uwanmu na Faransa ke kiranmu da su. Su duk rayuwarsu a kan rabon kati take, kanti-kanti da ambulan da eSIM. Mu nan kuwa da gidajenmu ba lamba, kwatance sai dai a ce bayan masallacin Juma'a kusa da mai waina, ambulan ɗinmu shi ne direban mota da ɗan kabu-kabu. Kuma ana yi, mutum ya sayi layi a Zinder ya ba direba a tasha ya kai wa mahaifiyarsa Magarya ko Matamai. Ba laifi, amma ka san da sunan wa aka yi shi.

Doka ce sai an yi rajistar layi da takardar shaida, kart dantite ko fasfo. To abin da ke faruwa shi ne, wasu masu sayarwa don su cika adadin da dila ya ɗora musu sai su kunna katuna da yawa da takardar mutum ɗaya, su zuba a aljihu, kai kuma ka zo kana sauri a ce maka ga wanda ya riga ya tashi, sa kawai ka yi kira. Daɗi ko? Ni kaina na faɗa wannan ramin kafin in shiga sana'ar. Na sayi irinsa a tasha, na yi shekaru da shi, duk masu kawo min gyara shi suka sani, na buɗe asusun kuɗi na waya a kai, rannan aka zare min salula a aljihu wajen wani biki a Birni. Na je ajans da kart ɗina ina taƙama, yarinyar ta danna kwamfuta ta ɗago ta dube ni ta ce malam wannan layin na wata mata ce. Na ce wace mata, ni ko aure ban yi ba lokacin. Ta ce to sai dai ka zo da ita. Ina zan ga matar da ban taɓa sani ba? Sai da na yi sati ina safa da marwa, takardar ɓata daga komisariya, nimerorin da na fi kira, kiredin da na sa na ƙarshe, kafin Allah ya taimake ni. Wasu ba sa samu.

Don haka in za ka sayi layi, ko wajen wa, ko wajena ne, tsaya a yi rajistar a gabanka da takardarka, ka ga ya ɗauki hoton kart ɗinka, ka jira saƙon tabbatarwa ya shigo. In wanda kake da shi yanzu ba ka da tabbacin sunan da ke kai, kada ka jira sai ya ɓace, ɗauki kart ɗinka ka je ajans tun katin na hannunka, a lokacin gyaran ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In na Inna ne ko na Baba da ke ƙauye, ya fi kyau a yi da takardarsu ran da suka shigo gari, in kuma dole da taka za a yi to ka sani duk ran da ya lalace kai za ka je da ƙafarka. Kuma kada ka ba kowa kart ɗinka ya ce zai je ya yi maka ya dawo, ba ka san layi nawa zai buɗe da sunanka ba, in aka yi ta'asa da ɗaya ƙofarka za a ƙwanƙwasa.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan, layi yanzu ba na gaisuwa ba ne kawai. Kuɗinka na Airtel Money ko Moov Money a kansa suke, MyNita da AmanaTa na tura kuɗi da nimeronka suka san ka, WhatsApp da Facebook ma haka. Wanda ya mallaki nimeronka ya mallaki duk wannan. Shi ya sa in wayarka na zaune lafiya sai ka ga rezo ya ɗauke ɗif, na kusa da kai masu kamfani ɗaya kuma nasu na aiki, ka kashe ka kunna bai dawo ba, kada ka kwana, je ka a duba ko wani ne ya sa aka ɗaura nimeronka a wani katin. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce daga kamfani yake, ka karanto masa lamba 6 da ta shigo maka, kashe wayarka kawai, ɓarawo ne. Ka sa wa WhatsApp ɗinka kod na biyu, yana cikin Compte, minti biyu ne.

Wani abin kuma da ke cin mutanenmu masu tafiya ci-rani Libiya ko Aljeriya: layin da aka daɗe ba a sa masa kiredi ba, ba a yi kira ba, kamfani na karɓe shi ya sake sayar wa wani. Sai ka dawo bayan shekara biyu ka kira nimeronka wani ya ɗauka a Dosso. In za ka yi nisa bar shi wajen wanda ka yarda da shi ya riƙa sa masa ko ɗan kaɗan ne yana kira lokaci-lokaci.

Masu zuwa Kano sari kuwa, ku kun san dawar garin, tun ƙarshen 2020 Najeriya ta ɗaure layi da lambar NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka MTN ko Glo ɗin da wani yaro zai miƙo maka a bakin iyaka ya ce ya riga ya tashi, da NIN ɗin wani ya tashi, ran da aka rufe shi ba ka da bakin magana, kada ka ɗora harkar kuɗinka a kai.

Ga ƙannena masu son shiga sayar da layi, tunda suna yawan tambayata. Karɓi kaya wajen dila da kamfani ya sani, ya ba ka takarda. Sayi littafi, duk katin da ka karɓa rubuta lambobin ƙarshe na doguwar lambar nan, da ranar da ka sayar, da nimeron da aka ɗaura masa, ran da rigima ta zo littafin nan ne zai fitar da kai. Kada ka ɗebo da yawa don an ce ana ragi, ɗauki abin da za ka iya sayarwa a sati biyu, ribar ba a katin take ba dama, tana cikin abin da kamfani ke ba ka in layin ya tashi ya ci gaba da sa kiredi, to layin da ka kunna da sunan bogi ya kwanta a aljihunka ba abin da zai kawo maka sai zafin kai. Kada ka bar su a rana a kan teburi, zafin watan Afrilu na garin nan na lanƙwasa roba, sa su a gwangwani a inuwa. Ka tanadi allurar tire guda biyar don kullum sai an tafi da ɗaya, da zobba, da ƴar na'urar yanka. Kuma ka tambayi mai saye a me zai sa kafin ka ɓalle masa, saboda ba waya kaɗai ke cin pus ba, akwai ƴar akwatin wifi, akwai abin bin sawu da ake ɓoyewa a babur, kowanne da girmansa, su kuma waɗannan sai ka fara sa katin a waya ka cire masa PIN tukuna in ba haka ba ba za su tashi ba, mutum ya dawo yana cewa ka sayar masa da mataccen layi.

Shi Alhajin nan mai waya marar ƙofa, daga ƙarshe musaya muka yi masa da wani yaro ɗan jami'ar André Salifou da ke da iPhone 13 mai tire, yaron ya yi ciko, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba. Har yanzu in Alhaji ya biyo ta gaban rumfata sai ya ɗaga ta sama ya ce malam, mai ƙofa.